Amsar Tambaya: Gyaran Bakin Wurin Ninƙaya

Tambaya: Duwatsun bakin wurin ninƙayan otal ɗina suna ɓallewa, daɓen gefen ma ya tsage. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, kafin ka sayi siminti, sa birkila ya bi duwatsun yana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, ruwa ya ci ƙarƙashinsa, a ɗaga shi. Tayil mai sheƙi kuwa, kada ma a kawo maka shi, santsi gare shi in ya jiƙe. Nemi mai kaushi, mai hasken launi, don baƙi yana ƙona ƙafa a zafin Afrilu. Daɓen ya gangara waje, kamar santimita 2 a kowace mita. Tsakaninsa da dutsen baki a bar rata a cika da roba mai laushi. Masu gaggawa kan toshe ta da siminti, nan tsagewar ke farawa.