Shaidu Uku Masu Tsare Mu Daga Faɗuwa

Mun saba ganin mata a hanyar kasuwar Makarfi ɗauke da kaya a ka, da manoman rake a fadamun Kudan suna tafiya a kan kunya ba tare da sun zame ba. Amma mun kuma san tsofaffin da suka fita zagayawa da dare, suka faɗi a tsakar gidansu, suka karya ƙugu. Darasinmu na yau shi ne: me yake riƙe mutum a tsaye, kuma me ya sa duhu yake kayar da tsoho?

Ƙwaƙwalwa kamar alƙali take, tana sauraron shaidu uku kafin ta umarci tsokoki. Na farko shi ne ido, wanda yake auna matsayinmu da bango, da itace, da ƙasa. Na biyu yana can cikin kunne: akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, waɗanda suke jin juyawar kai, da 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi, waɗanda suke sanin sama da ƙasa. Shi ya sa yaron da ya yi ta juyi yakan yi tangaɗi bayan ya tsaya, gama ruwan bai tsaya tare da shi ba. Na uku shi ne jijiyoyin tafin ƙafa, da gaɓoɓi, da wuya, masu faɗin inda nauyinmu ya karkata.

Idan shaidun suka saɓa wa juna, sai jiri da tashin zuciya. Wanda yake karatu cikin mota daga Ikara zuwa Zariya, idonsa yana cewa a zaune yake, kunnensa kuwa yana cewa tafiya ake yi.

Ga zuciyar darasin. Idan shaida ɗaya ya raunana, sauran biyun sukan isa. Idan biyu suka yi shiru, faɗuwa ta kusa. A ƙarni na 19 wani likita Bajamushe, Moritz Romberg, ya lura cewa marasa lafiyar da jijiyoyin ƙafarsu suka lalace suna iya tsayawa da ido buɗe, amma da zarar sun rufe ido sai su yi luuu za su faɗi. Har yau likitoci suna yin wannan gwaji da sunansa. Duhu kuwa rufe ido ne. Tsohon da ciwon sukari ko kuturta ta kashe masa jin tafin ƙafa, da rana ido ne yake tallafe shi. Da dare ba shi da wannan mataimaki. Haka kuma mai yanar ido ko dundumi. Giya tana rikita kunne da alƙalin kansa, wasu allurai kuma, irin su gentamicin da streptomycin, suna iya lalata cikin kunne, don haka kada a yi su sai da umarnin likita.

Abin ba ƙarami ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 kowace shekara, waɗanda suka haura shekara 60 kuma su suka fi mutuwa ta haka.

Me za mu yi? Mu ajiye cocila kusa da shimfiɗar kowane tsoho. Mu kawar da turmi, da igiya, da itace daga hanyar makewayi kafin magariba. Mu ba iyayenmu sanda ba tare da ba'a ba, gama hannun da yake riƙe sanda shi ma shaida ne. Wanda ya tashi daga barci ya ɗan zauna kafin ya miƙe. Yanar ido tana warkewa da aiki. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Jirin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki ko mutuwar hannu, a garzaya asibiti nan take.

Matasa kuma, idan za a tafi sujadar dare ko ta asuba, kada ku bar Baba da Iya su bi hanya su kaɗai. Ku riƙe fitila, ku ba su kafaɗa. Allah ya kiyaye sawayenmu duka. Amin.