Yadda Ake Ɗaure Notunan Mahaɗar Hayaƙi a Tsohuwar Tarakta

Har yanzu akwai tsofaffin taraktoci da ke aiki a gonakin ƙasar nan, irin su Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975. Kayan gyaransu suna da tsada, kuma ba kullum ake samunsu ba. Saboda haka wajibi ne direba da makaniki su san yadda ake ɗaure notunan mahaɗar hayaƙi, gama ƙusa ɗaya in ta karye tana iya tsai da tarakta a tsakiyar damina.

Mahaɗar hayaƙi, wadda makanikai ke kira manifol, ita ce ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga kan inji ya kai shi salansa. An yi ta da ƙarfen zubi, wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Tana zaune a kan ƙusoshi masu zare da aka dasa a jikin inji, da gasket a tsakani. In inji yana jan garma, zafin hayaƙinsa yakan wuce digiri 500 a ma'aunin Salsiyas. Ƙarfe yakan buɗe da zafi, ya tsuke da sanyi, ta haka notuna ke sassautawa sannu a hankali.

Alamomin yoyo

Za a ji ƙara "tas-tas" in an ta da inji da safe, a kuma ga baƙin hayaƙi ya shafi gefen gasket. Kada a yi sakaci. Hayaƙin da ke kuɓucewa yana cin fuskar ƙarfe, yana iya kunna busasshiyar ciyawa, kuma akwai guba a cikinsa wadda ke cutar da direba.

Matakan aiki

1. A kashe inji, a bar shi ya huce sarai.
2. A zuba man sassauta tsatsa ko kananzir a kan notuna, a bar su su kwana. Kada a tilasta wa notin da ya cije.
3. A goge zaren ƙusoshi da burushin waya, a kankare ragowar tsohon gasket. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar mahaɗar. In ta karkace, a kai ta a daidaita, domin ɗauri ba zai gyara ta ba.
4. A sa sabon gasket. Notin tagulla ya fi dacewa, don ba ya cijewa da tsatsa.
5. A murɗa dukkan notuna da hannu tukuna.
6. A fara ɗauri daga na tsakiya, a riƙa fita hagu da dama bi da bi har ƙarshe. Wannan shi ke sa gasket ya kwanta daidai.
7. A ɗaure sau uku da sifana mai awo: sulusin ƙarfin da littafin tarakta ya ƙayyade, sa'an nan sulusi biyu, daga baya cikakke.
8. A ta da inji ya yi zafi, a kashe, in ya huce a sāke bin notunan. A maimaita bayan aikin yini ɗaya, gama sabon gasket yakan lafa.

Gargaɗi

Kada a zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi. Ƙusar da ta shekara hamsin tana shan wuta ta riga ta yi rauni. In ta karye a cikin kan inji, sai an huda ta an fitar, wani lokaci ma sai an sauke kan injin duka. In yoyo bai tsaya ba bayan an ɗaure bisa awo, laifin na gasket ne ko na fuskar mahaɗar, ba na noti ba. A duba notunan nan kafin faɗuwar damina, tun tarakta ba ta shiga gona ba.