Ciyar da Doki Mai Zaɓen Abinci Wanda Ciwon Kofato ke Yawan Kamawa

A ƙasar nan, daga bargar sarakuna a Kano da Katsina da Zariya da Bida da Ilori, har zuwa filayen wasan folo na Kaduna da Ibadan da Ikko, idan ana so a yabi mai doki sai a ce dokinsa ya ƙoshi, wuya ya cika, gindi ya yi tsagi. Saboda haka da zarar Salla ta gabato sai ka ga an ƙara wa doki gero da dawa da dusa, domin ranar hawa ya fita yana sheƙi. Ma'aikata ta ga ya kamata ta jawo hankalin masu dawaki da 'yan barga cewa akwai dokin da irin wannan gata ke gurgunta shi. Wahalar kuwa ta kan ninka idan dokin ya zama mai zaɓen abinci, wanda ba ya duban ingirici sai an barbaɗa masa hatsi a kai.

Mene ne wannan ciwo?

A cikin kofaton doki akwai wani ƙaramin ƙashi. Abin da ya riƙe shi jikin bangon kofato shi ne waɗansu siraran fatu masu yawa da suka sarƙe da juna kamar yatsun hannu biyu. A kansu nauyin doki duka ya rataya. Idan suka yi rauni suka saki, sai ƙashin ya karkace ko ya nutsa ƙasa, wani lokaci har ya huda tafin kofato. Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwo laminaitis.

Ya fi kama ƙafafun gaba. Za ka ga doki ya miƙa su gaba ya jingina nauyinsa baya, yana ɗaga wannan yana ajiye waccan, yana tafiya kamar mai taka ƙaya, musamman wajen juyawa ko a kan ƙasa mai tauri. Kofato ya kan ɗauki zafi, jijiyar da ke bayan idon ƙafa kuma ta riƙa harbawa da ƙarfi. Wanda ya daɗe da ciwon a kan ga zobba-zobba a jikin kofatonsa, matsattsu ta gaba, masu faɗi ta wajen dunduniya.

Tun da daɗewa an san doki ya kan kamu idan ya tsinke ya afka wa buhun hatsi, haka kuma goɗiyar da mabiyiya ta maƙale mata bayan haihuwa. Amma yanzu an gane mafi yawan dawakin da ke kamuwa, insulin ne sanadi. Insulin wani sinadari ne da jiki ke fitarwa bayan an ci abinci, aikinsa shi ne ya kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka da hanta. Akwai dokin da jikinsa ya daina jin insulin sosai, don haka duk lokacin da ya ci sukari ko sitaci sai jiki ya yi ta kwararo shi fiye da kima. A 2007 masana a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka ɗura wa lafiyayyun ƙananan dawaki insulin ta jijiya, cikin kwana uku duk suka kamu da ciwon kofato. A 2011 kuma wani bincike a asibitin dawaki na Helsinki, ƙasar Finlan, ya nuna kusan tara cikin goma na dawakin da aka kawo da ciwon, matsalar sinadaran jiki ce ta jawo shi. Kada a ɗauka ciwon sukari irin na ɗan Adam ne. Sau da yawa sukarin jinin dokin ya kan zauna daidai, insulin ɗin ne ya yi yawa.

Dokin da ya kamata a sa wa ido shi ne wanda ke ƙiba da abinci kaɗan. Kama saman wuyansa inda geza ta tsiro: idan ka ji kitse mai tauri ya cika maka hannu har yana neman faɗowa gefe guda, alama ce. Duba kuma gindin wutsiya da bayan kafaɗa. Shafa haƙarƙari, idan sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji ƙashi, ƙiba ta wuce wuri. Likita na iya ɗibar jini a auna insulin don a tabbatar. Idan dokin ya haura shekara 15 kuma gashinsa ya yi tsawo ba ya kaɗewa, a faɗa wa likita, domin akwai wata cuta ta tsofaffin dawaki da ke jawo ciwon kofato, tana da nata magani dabam.

Abin da za a janye

Gero da dawa da masara, fiye da rabin nauyin kowannensu sitaci ne, sitaci kuwa sukari ya ke komawa a ciki. Dusar masara da ta gero ma akwai ragowar gari da yawa a cikinsu. Dusar alkama tana da wani aibi kuma: sinadarin fosfaras ya rinjayi kalsiyam a cikinta, yawan ba da ita na raunana ƙashi. Haka nan a janye rake da dabino da mangwaro da zuma da baƙin ruwan rake da a ke haɗawa cikin abincin dawaki na buhu. Masana sun tsayar cewa sukari da sitaci a haɗe kada su wuce kashi 10 cikin 100 na busasshen abincin irin wannan doki, kuma babu hatsin da zai shiga wannan ma'auni.

Ɗanyar ciyawa ma ba a sake da ita. Sabon tofo na farkon damina da na fadama yana da daɗi, doki kuwa ya kan ci fiye da bukata cikin ɗan lokaci. Ganye yana tara sukari ne da hasken rana, saboda haka ciyawar da aka yanka da sassafe ta fi ta la'asar sauƙi. Dokin da ke cikin ciwo kada a kai shi kiwo sam. Ɗanyen tofon dawa kuwa haram ne ga kowane doki, domin akwai dafi a cikinsa.

Abin da za a ba shi, da yawansa

Tushen abincinsa shi ne busasshiyar ciyawa da ta ƙosa kafin a yanke ta, irin su gamba da kyasuwa da harkiya, mai tsabta, marar ƙura da funfuna. A haɗa da harawar gyaɗa ko ta wake, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, domin ita ke kawo abin gina jiki da kalsiyam. Sai dai a tsince kwanson da ke ɗauke da ƙwayar wake. Harawar da ruwa ya taɓa ta yi baƙi-baƙi, a zubar.

Dami ba ma'auni ba ne. Na wani ya ninka na wani. A nemi sikelin rataye irin na masu sayar da hatsi, a san nauyin dokin kuma. Ga yadda a ke ƙiyasta shi da tef ɗin tela. A auna kewayen ƙirji inda majayi ke zama, sa'an nan a auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. A ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Misali, doki mai kewaye 170 da tsawo 150 zai kai kilo 365. Idan ana so ya rage ƙiba, a ba shi busasshiyar ciyawa kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinsa, watau wajen kilo biyar da rabi a yini da kwana. Idan ya dawo daidai sai a kai kilo bakwai. Ragin kilo biyu ko uku a mako ya isa. A riƙa sake awo kowane mako biyu ana rubutawa, domin idon da ke ganin doki kullum ba ya lura da canji.

Jiƙa ciyawa cikin ruwan sanyi na sa'a ɗaya yana fitar da wani ɓangare na sukarinta. A auna ta tun tana busasshiya, a nutsa ta cikin baho, a tsame, a bari ta tsane, a ba shi nan take. Ruwan a zubar nesa da inda dabba za ta sha. A zafin ƙasarmu kada a bari ta kwana cikin ruwa, tsami za ta yi. Da ya ke jiƙon na wanke gishirin jiki tare da sukarin, a ba shi gishiri kamar cokali biyu na cin abinci kullum, da garin ma'adinai wanda likita ya amince da shi. Kanwar da aka saba bayarwa ba ta maye gurbin gishiri. Ruwan sha kuwa kada ya yanke. Lokacin bazara doki na iya shan lita 40 ko fiye.

Idan ya ƙi ci

A nan ne yawancin masu dawaki ke karaya. An janye hatsi, doki ya shinshina ciyawa ya kau da kai, yana haniniya yana tona ƙasa duk lokacin da ya ga ɗan barga. Kwana biyu sai tausayi ya kama maigida, ya ce a ɗan zuba masa mudu guda. Wani ɗan bargar ma a ɓoye ya ke bayarwa, don kada a ce ya ramar da dokin ubangidansa. Lalle ne duk wanda ke shiga bargar ya san dalilin dokar, har yaran gida masu miƙa masa rake.

Amma kafin a ce doki shagwaɓa ya ke yi, a bincika. Haƙoran doki ba su daina fitowa, gefen turamensa kuma ya kan yi kaifi ya yanki kunci da harshe. Irin wannan doki zai ci gari ya bar ciyawa, za ka kuma ga dunƙulen ciyawa da ya tauna ya zubar a ƙasa. Likita ya goge masa haƙora, aƙalla a duba sau ɗaya a shekara. Zafin ƙafa kansa na kashe sha'awar abinci, dokin da tsayuwa ke yi wa wuya ba zai taka zuwa kwami ba, sai a kai masa ciyawa da ruwa gabansa. Maganin rage zafi da a ke ba masu ciwon kofato yana iya jawo gyambon ciki idan an daɗe ana sha, shi ma yana hana ci. Sa'an nan a sunsuna ciyawar. Hancin doki ya fi namu, sau da yawa abin da mu ke kira zaɓe, funfuna ya ji ko fitsarin ɓera.

Idan duk waɗannan babu, sai a bi shi da dabara. Dokin da ba ya cikin ciwo a rage masa hatsi kaɗan-kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14. Wanda ciwo ya riga ya kama kuwa a yanke a ranar. A yayyanka harawa ƙanana a cuɗa ta cikin ciyawa sosai yadda ba zai iya tsince ta ba, a yayyafa ruwan gishiri kaɗan. Idan jiƙaƙƙiyar ciyawa ce ba ya so, a fara da jiƙon minti 15, a gauraya da busasshiya, a riƙa ƙarawa. Ƙamshi na taimako ƙwarai: wani gwaji da aka yi a Ingila a 2005 ya nuna hulba ce kan gaba cikin ƙamshin da dawaki suka zaɓa, na'a-na'a ma tana ciki. Ƙaramin cokali na garin hulba ya isa a gwada, kuma kowace kasuwa ana samunta. Doki dabbar garke ne, wanda ya ƙi ci shi kaɗai ya kan sunkuya idan an ɗaure wani kusa da shi yana ci. Kada a tara masa abincin yini a lokaci ɗaya ya tattake ya yi masa fitsari; a raba kashi huɗu ko biyar, mafi yawa a bar wa dare. Idan aka zuba cikin raga mai ƙananan ido aka rataye, zai daɗe yana tsinka.

Abin da ba a yi shi ne horo da yunwa. Waɗansu su kan ce a bar shi, in ya ji wuya zai ci. Tumbin doki ƙarami ne, kuma dare da rana yana fitar da ruwan tsami, don an halicce shi ya yi wajen sa'a 16 yana kiwo. Idan ya zauna wayam sai gyambo. Mafi haɗari, idan ƙiɓaɓɓen doki ya daina ci, kitsen jikinsa ya kan narke ya cika jini ya lalata hanta. Ƙananan dawaki da jakuna da goɗiya mai ciki sun fi faɗawa, kuma yana kisa. Dokin da ya yini ya kwana bai ci kome ba, a kira likita.

Akwai kuma dokin da jikinsa ba ya jin insulin amma ba shi da ƙiba. Shi ba a rage masa abinci. A ƙara masa harawa, a zuba man gyaɗa cokali biyu a kai, a riƙa ƙarawa a hankali, domin mai ba ya ta da insulin kamar hatsi.

Kilisa da hawa

Motsa jiki na sa jiki ya koma jin insulin. Dokin da ƙafarsa ke lafiya a fita da shi kilisa ta rabin sa'a, kwana biyar a mako, har ya ɗan yi gumi. Wanda ke ɗingishi kuwa kada a tilasta masa tafiya da sunan warware jijiya, fatun nan za su ƙara yagewa. A ɗaure shi a inuwa, a zuba masa yashi mai laushi mai kauri, a kira likita a ranar da aka ga alama. Akwai magungunan rage insulin da aka fara amfani da su a 'yan shekarun nan, amma likita ne kaɗai zai rubuta, kuma ba su ɗauke dokar abinci. Mai gyaran kofato ya riƙa zuwa kowane mako huɗu zuwa shida.

Kofato ya kan ɗauki wata tara zuwa shekara guda kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa. Don haka dokin da ya kamu kusa da ƙaramar Salla, ko da ya daina ɗingishi, kada a ɗora masa sirdi da lifidi a babbar Salla sai likita ya duba ya yarda. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi asibitin dabbobi mafi kusa da shi, ko asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan da Nsukka.