Yadda Ake Binciken Salsalar Zuri'a, da Inda Ake Samun Taimako

Duk wanda ya ce maka ka fara neman asalinku a intanet, bai taɓa yin wannan aiki a ƙasar Hausa ba. Kakan kakanka ba shi da takardar haihuwa, ba kuma wanda ya shigar da sunansa a kwamfuta. Abin da ya rage na labarinsa yana wuri uku: bakin tsofaffi, gafakar malamai, da takardun da Turawa da ma'aikatan En'e suka bari. A haka za ka bi su, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara daga na ƙarshe, kuɗin mota kawai zai ɓatar.

Mataki na 1: Tanadi

Littafin rubutu mai bango mai kauri, biro, da waya mai ɗaukar murya. A shafin farko ka rubuta kanka, iyayenka, kakanninka huɗu da garin kowannensu.

Mataki na 2: Je wurin tsofaffi, kada ka manta da mata

Fara da wanda ya fi tsufa da rauni, ko da shi ne ya fi nisa. Maza sukan riƙe labarin sarauta da gona da gado. Amma wa ya auri wa, wa aka saki, wa ya sha nonon wa, wa aka ba wa riƙo, wannan sai gwaggo da inna da kaka. Ka riƙa musu goro ko turare ko sabulu, ba wani kuɗi ba ne mai yawa.

Ka zauna da kowa shi kaɗai. In ka tara su, babba ne zai yi ta magana, sauran su bi shi da "haka ne" saboda kunya. Ka nemi izini kafin ka kunna waya, ka sa ta a yanayin da kira ba zai shigo ba. Kada ka ce, "Baba, ba ni tarihinmu." Zai ɗauko ka daga Gabas, ya ƙare bai faɗi sunan kakarsa ba. Yi masa ƙananan tambayoyi: "Baba, a wace unguwa aka haife ku? Wa ya yi muku kaciya? Wace sana'a Malam yake yi da rani? Wane zane ne a fuskarsa?" Sannan ka koma bayan mako biyu, domin abin da ya tuna bayan tafiyarka yakan fi na ranar farko daraja.

Mataki na 3: Warware sunaye

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mafi yawan masu bincike suke ɓata. Mutum ɗaya a gidan Bahaushe yakan ɗauki suna uku ko huɗu. Akwai sunan yanka, akwai laƙabin da aka sa masa don an yi wa wani babba takwara, kamar Abba, Baffa, Ummi ko Mai-sunan-Malam. Akwai na rana ko na yanayin haihuwa, kamar Ɗanladi, Tanko, Audi, Gambo. In ya yi sarauta ko ya sauke farali, sai Galadima ko Alhaji ya rufe sauran. Ga kuma alkunya: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba. Kada ka matsa mata. Tambayi ƙanwarta ko wata jikar, ko ka faɗi sunan da kanka, ita kuma ta amsa da kai.

Don haka kowane mutum ka ba shi shafinsa da lambarsa, ka jera duk sunayen da ake kiransa da su, da wanda ya faɗa maka kowanne. In ba ka yi haka ba, za ka raba mutum ɗaya gida biyu, ko ka haɗe kaka da jikan da ya ci sunansa su zama mutum guda. A gidan da ake da Muhammadu biyar, wannan kuskure ba ya da wuyar aukuwa.

Ka kuma lura, suna na biyu a wurinmu sunan uba ne, yana sauyawa daga tsatso zuwa tsatso. 'Yan makarantar boko na farko da yawa ma da sunan garinsu aka rubuta su, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari. Ɗan riƙo kuwa sau tari da sunan mariƙinsa ya shiga makaranta. Duk lokacin da aka ce "ɗan wane ne", ka tambaya: ɗan cikinsa, ko ɗan riƙo?

Mataki na 4: Fitar da shekaru

Tsoho ba zai ce maka 1919 ba, amma ya san abin da ya faru lokacin. Ka rubuta jerin manyan al'amura a bayan littafinka don aunawa: yaƙin basasar Kano daga 1893, shigowar Turawa Kano da Sakkwato 1903, Satiru 1906, isowar jirgin ƙasa Kano 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar marisuwa 1918, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna 1966, canjin kuɗi 1973. Ka haɗa da zamanin sarakunan ƙasarku. A Kano, Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. A Katsina, Dikko 1906 zuwa 1944. In an ce an yaye kakarka shekarar da aka naɗa Abdullahi Bayero, ka san haihuwarta wajen 1924 ne. Ka rubuta "wajen", kada ka ƙirƙiro rana da wata.

Mataki na 5: Takardun gida

Nemi a buɗe maka gafaka da tsofaffin adakoki. Malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen kundi ko a bangon littafi, marubuci kuma yakan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshen abin da ya kwafa. Duba wasiƙun ajami, takardun gona, rasiɗin haraji, fasfon aikin hajji da takardar sallamar soja. In shekarar ta Hijira ce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1321 za ta ba ka 1903.

Gargaɗina a nan ba sassauci: kada ka manna wa tsohuwar takarda salatif, kada ka kai ta a liƙe ta cikin leda da injin zafi, kada kuma ka tafi da ita gidanka. Ɗauki hotonta a inuwa, gaba da baya, ka mayar wa mai ita a gabansa.

Mataki na 6: Ma'adanan tarihi

Yanzu ne lokacinsu. Ka je da sunan ƙauye, gunduma, hakimi da kimanin shekara, domin an tsara fayilolin ne bisa lardi da gunduma, ba bisa sunan mutum ba. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana da rahotannin tsara haraji da littattafan gundumomi, inda jami'an mulkin mallaka suka rubuta asalin garuruwa, jerin dagatai da sana'o'in mutane. Ka nemi garinku ƙarƙashin tsohon lardi: na Jigawa yana cikin Kano, na Zamfara da mafi yawan Kebbi cikin Sakkwato. Ka gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban, don Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

A Kadunan dai akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. A Yamai, cibiyar IRSH tana ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami, CELHTO kuma aikinta tarihin baka ne. Ka tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a ƙofa. Ka girmama ma'aikacin da ya daɗe a wurin, don ya san abin da ba a rubuta a jerin fayiloli ba.

Mataki na 7: Inda za ka ƙara koyo

Je sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa da kai, Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo, ka nemi kundayen digirin da ɗalibai suka rubuta a kan garinku. Duba ƙarshen kundin, za ka ga sunayen dattawan da aka yi hira da su. Karanta *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu* da *Kano ta Dabo Ci Gari* na Abubakar Dokaji don ka san zamanin da kakanninka suka rayu a ciki. In ba ka iya tsohon ajami ba, zauna da alaramman tsangaya, cikin 'yan makonni idonka zai buɗe. Maroƙan gidajen sarauta suna riƙe da jerin iyaye a kirari, wanzamai kuma sun san zanen kowace zuri'a. In danginku fatake ne na goro, nemi reshenku a zangon Kumasi da Salaga. In an ce wani ya yi Gabas bai dawo ba, tambaya ta wajen Mai Wurno a Sudan.

Mataki na 8: Adana da rarrabawa

Ni manhajar Gramps nake so, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet. Gwajin ƙwayoyin halitta kuwa, yana da tsada, kuma ba zai faɗa maka sunan kakanka ba.

Za ka gamu da abin da ba a son faɗa: bauta, rikicin gado, auren da ya mutu da faɗa. Kada ka goge, kada kuma ka yaɗa a Facebook, amana ce. Inda ruwaya biyu suka saɓa, rubuta duka biyun da sunan mai kowacce. Da'awar cewa asalinku daga Yaman ko Masar yake, rubuta ta a matsayin "an ce". Sannan ka buga kwafi, ka karanta a taron zumunci, ka bar dattawa su gyara maka, ka ba kowane gida nasa. Kafin duk wannan, duba wane ne mafi tsufa a danginku, ka je wurinsa cikin makon nan.