Kafin ka sayi sabon makirufo, matso da wanda kake da shi

Ƙorafin da masu buga gem a kwamfuta suka fi kawo mana, mu masu aikin sauti, kusan iri ɗaya ne: abokan wasa a Discord suna cewa muryar tana fitowa daga nesa, ƙarar fanka da ƙwas-ƙwas ɗin kibod sun danne ta, saboda haka wane makirufo ya kamata a saya? A mafi yawan lokuta ba na ba da shawarar sayen komai, domin makirufon ba shi da laifi, inda aka ajiye shi ne matsalar. An dasa shi a kan tebur kusa da sikirin, ko kuma an sayi hannun ƙarfen nan mai gwiwa da ake ɗaurewa a gefen tebur, amma an tura shi can gefe don kada ya tare gani. Shi kuwa wannan hannu aiki biyu aka ƙera shi ya yi: ya kawo makirufo dab da baki, ya kuma raba shi da tebur. In bai yi waɗannan ba, ado kawai aka saya.

Dalilin yana cikin yadda sauti yake tafiya. Duk lokacin da tazarar da ke tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi kai tsaye yana raguwa da kimanin desibel 6. Mutumin da ya jingina da kujera, makirufonsa yana kan tebur, tazararsu takan kai santimita 60. In aka matso da shi zuwa 30 an ci ribar desibel 6, in aka kai 15 an ci 12. Abin lura a nan shi ne fanka da janaretan maƙwabta da surutun tsakar gida ba su ƙaru da komai ba, domin nisansu da makirufon kusan bai canja ba. Murya kaɗai ce ta hau. Daga nan sai a rage ƙarfin ɗaukar makirufon da wannan desibel 12 ɗin, murya ta koma daidai inda take, hayaniya kuma ta yi ƙasa. Wanda ya bar makirufo a nesa ya murɗa ƙarfin ɗauka sama, ya ɗaga murya da hayaniya ne tare, har da amsa-kuwwar ɗaki. Wannan ya fi damun masu ɗakin siminti da tayil wanda babu labule babu kafet, inda sauti yake dukan bango ya dawo. Shi ya sa ma'aunin da muke bayarwa mai sauƙi ne: daga faɗin yatsu huɗu zuwa taƙi guda, wato santimita 8 zuwa 20, gwargwadon irin makirufon.

Bayan kusanci sai fuskanta, kuma a nan ne ake yawan yin kuskuren da ba a sani ba. Akasarin makirufon da ake sayar wa masu gem suna ji ne sosai ta gaba, su ɗan ji ta gefe, su kurumce ta baya. Sai dai gaban ba wuri ɗaya yake ba a kowanne. Shure SM7B da Samson Q2U ta kai ake yi musu magana, a nuna su ga baki kamar yadda ake nuna tocila. Blue Yeti da Audio-Technica AT2020 kuwa ta gefe suke ji, ɓangaren da tambarin kamfani yake, don haka a tsaye ake barinsu. Wanda ya kwantar da Yeti ya nufi bakinsa da kan Yetin ya juya kunnen makirufon zuwa tebur ko rufi, sannan ya dawo yana kukan cewa an sayar masa da jabu. Yeti ɗin ma yana da maɓalli a baya mai zaɓi huɗu. Wanda mai gem yake buƙata shi ne mai alamar da ta yi kama da zuciya, sauran na hira ne da ɗaukar ɗaki gaba ɗaya. Da zarar an gane gaba, sai a yi amfani da bayan: a saita hannun yadda makirufo zai zauna tsakanin baki da kibod, ƙasa kaɗan da haɓa, gabansa yana kallon baki, bayansa yana kallon maɓallai. Masu rataye shi daga sama ya sunkuyo suna samun hoto mai kyau a kyamara, amma sun nuna gabansa ga tebur, wurin da yatsu suke ta duka.

Kada kuma a sa shi tsaf a kan hanyar numfashi. Ka ɗora tafin hannunka a gaban bakinka ka ce «fari», «babba», «tafi», za ka ji iska tana bugun fatar. Wannan iskar ce take zama «buf» mai toshe kunnen wanda ya sa hedfon. Maganinta a kauce da makirufon zuwa gefen baki da kamar digiri 30 zuwa 45, yana kallon bakin amma bakin ba ya hura shi. Murya tana bazuwa ko'ina, iskar kuwa miƙewa take yi ta wuce. Raga ko soson da ake sa masa suna taimakawa, musamman ga mai zama ƙarƙashin fankar sama, domin iskar fanka in ta sauka a kan makirufo takan haifar da gurnani mai kauri. Mai irin wannan ɗaki gara ya ɗan ja teburinsa daga tsakiyar fankar.

Aikin hannun na biyu, raba makirufo da tebur, shi ne wanda ake rainawa. Sauti ba ta iska kaɗai yake bi ba, yana bin katako da ƙarfe. Duk danna maɓalli, duk ɗaga maus a dire shi lokacin da wasa ya yi zafi, yana ratsa teburin ya hau ƙafar makirufo ya shiga ciki. Hannun yana rage wannan, amma ba ya kashe shi, tunda shi ma a jikin teburin aka matse shi. Don haka a ɗaure shi nesa da kibod, a ɓangaren da ba na maus ba, a sa ɗan roba ko ƙyalle mai kauri a ƙarƙashin matsin, a kuma rataye makirufon cikin zoben nan mai igiyoyin roba in akwai. Sannan a duba nauyi kafin a saya. SM7B ya ɗan haura gram 750, kuma hannun Rode PSA1 an yi shi ne don nauyin gram 700 zuwa kilo 1.1. Makirufo mara nauyi a kan hannu mai ƙarfin sifirin zai riƙa tashi sama, mai nauyi a kan hannu mai arha zai riƙa sunkuyawa a hankali, har a wayi gari tazarar da aka auna ta lalace ba a lura ba. Bakin ɗaurin ma iri biyu ne aka fi samu, mai inci 3/8 da mai 5/8, kuma ɗan ƙaramin noti ne yake haɗa su; kada a tilasta wanda bai shiga ba, zaren zai cinye. Waya kuma a bar mata sassauci a kowace gwiwa, domin in ta ɗaure ita ce za ta riƙa jan makirufon.

Hujjar farko da masu ƙin matso da makirufo suke kawowa ita ce makirufo a kusa yana tare sikirin, kuma mai buga Call of Duty ko PUBG ba zai yarda wani abu ya rufe masa kusurwa ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma amsarta tana cikin saitin da aka riga aka bayyana. Makirufon da ya zo daga gefe, ƙasa da haɓa, yana ƙarƙashin layin ido. Abin da yake tare gani yawanci gwiwar hannun ce, in an ɗaure shi a bayan tebur ya tsallako ta gaban sikirin. A mayar da matsin gefen tebur kusa da mai zama, ko a nemi irin hannun da yake rarrafe ƙasa-ƙasa ta ƙarƙashin sikirin, kamar Elgato Wave Mic Arm LP.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ai yanzu manhaja tana share hayaniya. Gaskiya ne, tun 2020 Discord ya sa Krisp, NVIDIA ta fitar da RTX Voice wanda ya zama Broadcast, kuma OBS Studio yana da matatunsa. Suna aiki, ba na musun haka. Amma a fahimci abin da suke yi: sauti ya riga ya shiga a cakuɗe, su kuma suna hasashen wane ɓangare ne murya, su yar da saura. In murya ta fi hayaniya ƙarfi sosai, hasashen yana da sauƙi kuma sakamakon yana da tsabta. In ƙarfinsu ya yi kusa, sai manhajar ta riƙa gutsure farkon kalma da ƙarshenta, murya ta koma kamar ana magana a cikin ruwa. Gishiri in ya riga ya narke a miya, tsame shi sai an yi asarar miyar. A wasan ƙungiya kuwa, inda kalma ɗaya kamar «hagu» ko «baya» take raba ci da faɗuwa, gutsurewar harafin farko ba ƙaramin abu ba ne. Manhaja tana kyautata saitin da ya riga ya yi kyau, don haka ita ce ta ƙarshe a jerin aiki.

Akwai masu cewa to a sayi mai tsada a huta. SM7B ya yi suna wajen ƙin ɗaukar hayaniyar ɗaki, sai dai babban sirrinsa shi ne ba ya jin sauti da sauƙi, har yana buƙatar ƙarin ƙarfi na kusan desibel 60, wanda hakan yake tilasta wa mai shi ya manna baki kusa. Kusancin ne yake yin yawancin aikin. A ajiye shi a santimita 60 a murɗa ƙarfi, zai kwaso fanka kamar kowane makirufo. Iyakar da kusanci yake da ita ɗaya ce: makirufo mai ji ta gaba yana kaurara murya in an matso ƙwarai. Kaɗan daga wannan yana da daɗin ji, in ya yi yawa kalmomi su dushe. Idan abokai suka ce muryar ta yi nauyi, a ja baya da faɗin yatsu biyu.

Sauran aikin gwaji ne, kuma a yi shi a yanayin wasa na gaskiya. A zauna yadda ake zama in wasa ya kankama, ba a miƙe kamar mai karanta labarai ba, sannan a jawo makirufon zuwa inda bakin yake. A kunna fanka, a naɗi rabin minti ana magana ana danna maɓallai, har da ɗaga murya irin ta wanda aka mamaya, a saita ƙarfin ɗauka yadda ma'aunin OBS zai tsaya cikin rawaya, ya taɓa ja kawai in an yi ihu. A saurara da hedfon, a canja abu ɗaya tak, a sake. Wanda kuwa ya san shi mai yawan motsi ne, yana kwantawa baya yana zaburowa gaba, makirufon da ke jikin hedfon zai fi yi masa amfani ko da bai kai wancan inganci ba, domin duk inda kansa ya juya yana nan yatsu biyu daga gefen baki.