Darasi: mi ake nuhi da daidaito?

Ƴan uwa masu yaƙi da jahilci, darasinmu na yau kan kalma guda ne: daidaito. Da Ingilishi ana cewa equilibrium, da Faransanci kuma équilibre. Duka biyun daga tsohon harshen Latin suka hito. Kalmomi biyu ne aka gama, ɗaya tana nuhin "daidai", ɗaya tana nuhin "sikeli". Ke nan ma'anar ita ce sikelin da ya tsaya, babu gehen da ya rinjaya.

1. Daidaito ga kaya

A kasuwar Dutsi ko ta Tibiri, mai awo yana aza dutsen kilo a gehe guda, kaya a ɗaya gehen. In allura ta tsaya tsakiya, awo ya cika. Kahin a auna maka, ka dubi sikeli babu komi bisa gare shi. In ya karkata tun lokacin nan, wani zai cutu.

Haka mangala take ga jaki. In gehe ɗaya ya hi nauyi, kaya su zame, jaki ya yi miki.

2. Daidaito ga jiki

Mace tana ɗauko tulu bisa gammo, ba ta riƙe shi ba, ruwa bai zuba ba. Cikin kunnen mutum akwai wani ɗan wuri mai ruwa, shi ne ke taimakon jiki ya tsaya sosai. Shi ya sa wani ciwon kunne yake kawo jiri.

In yaro yana zawo, ruwan da ke hita ya hi wanda ke shiga. Wanga rishin daidaito yana kisa. A dama ƙunshin gishirin zawo guda cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Kada a hana mishi nono. A kai shi likita da wuri.

3. Daidaito ga rumbu

Nan kowane mai gida ya kamata ya ɗauki alli ya yi lissahi. Ga misali. Gida mai mutum 8 yana cin tiya 2 ta hatsi kowace rana. A shekara tiya 730 ke nan. Buhu guda yana ɗaukar tiya 40. In gona ta ba da buhu 15, tiya 600 ke nan, cimakar kwana 300. Saura kwana 65 babu komi, kuma suna hwaɗowa tsakiyar damina, lokacin noma, sa'ad da hatsi ya yi tsada.

Wanda ya san haka tun da kaka ba zai saida hatsi da arha don biki ba. Zai yi noman rani cikin hwadama, ya ajiye wake da gujiya, ya shiga bankin cimaka in akwai shi a garinsu. Mutanen Arewa ba su manta da hwarin 1973 da na 1984 ba, balle ƙarancin cimaka na 2005.

4. Daidaito ga ƙasa

Gona tana ba mu, mu ma sai mun mayar mata. Hatsi yana shan ƙarhin ƙasa, taki yana maido shi. Gawo yana zub da ganye da damina, ba ya tare wa shibka rana, ganyensa kuwa taki ne. Wanda ya sare gawo ya rage ma gonarsa ƙarhi.

A Dallol Mawri manomi da makiyayi suna bukatar juna. Bisashe su ci kara bayan girbi, su bar taki. In an shibke burtali, ko an saki shanu kahin a kwashe amfani, rigima ta taso. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin hilaye, COFO, don tsare haƙƙin kowa. A kai ƙara gun mai gari ko gun su, kada a ɗauki sanda.

Tambayoyi

a) Waɗanne kalmomi biyu aka gama aka sami wagga kalma?
b) Gida mai cin tiya 3 a rana, buhu 12 zai kai shi kwana nawa?
c) Ku tattauna da malaminku: ina daidaito ya ɓace a garinku, kuma mi za ku yi?