Mu taimaki ƴaƴanmu su yi karatu

Malam, ɗanka yana aji nawa? Iyaye da yawa a Yekuwa ba su iya ba da amsa. Yaro ya tafi lakkol, ya dawo, shi ke nan. Sai ƙarshen shekara a ji ya faɗi.

Ƙaramar makaranta aji 6 ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Kowane aji da abin da ake so yaro ya iya. A CI yana koyon baƙaƙe da ƙidaya. A CP yana karanta gajerun jimloli. A CE yana koyon sau da rabawa. A CM yana rubuta wasiƙa da kansa. Wanda bai iya na ƙasa ba, na sama zai gagare shi.

To, me za mu yi?

Ana buɗe lakkol a watan Oktoba, lokacin kaka. Kada mu riƙe yaro a gona.

Da dare mu ce ya kawo kayensa, ya karanta mana. Mu ma yanzu mun san baƙi.

Mu aike shi kasuwa ya yi lissafin canji. Dala 1 tamma 5 ce, dala 20 tamma 100.

Mu rage wa ƴa mace talla da ɗibar ruwa.

Mu je wajen malami mu tambaya: "Ina yaron nan yake da rauni?"

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Aji nawa ne a ƙaramar makaranta?
2. Dala 40 tamma nawa ce?